Talotalo da Sarautar "Hoti"

An yi wani Talotalo a gidan Malam Tanimu, malamin Turanci. Talotalon nan ba ya tafiya sai ya baje wutsiya yana jan fukafukai a ƙasa. A gidan akwai Zabuwa mai 'ya'ya bakwai, wadda ba ta ganin zalunci ta yi shiru. Akwai kuma wani tsohon Aku a keji a bakin zaure, wanda ya shekara da shekaru yana sauraron karatu.

Wata rana Malam yana koyar da ɗalibansa, sai Talotalo ya gifta yana hura wuya. Malam ya nuna shi da alli ya ce, "Kun ga wancan? Irinsa ake kira haughty." Ɗalibai suka kwashe da dariya.

Talotalo ya ɗauka yabonsa aka yi. Ana tashi ya nufi wurin Aku, ya ce a fassara masa wannan suna na "Hoti" da Malam ya raɗa masa.

Aku ya gaya masa cewa Turawan Ingila ma aron kalmar suka yi daga Faransanci, kuma tushenta yana nufin abin da ke can sama. Ya ce a zamanin da, har masu daraja akan kira da ita.

"Ya isa haka," in ji Talotalo. "Na sama, mai daraja. Dama na sani."

"Bai isa ba," in ji Aku. "Yau ba a jifan kowa da ita sai mai girman kai, wanda yake yi wa jama'a kallon raini. Ba yabo ba ne, ɗana, zagi ne."

"Hassada ke cinka, tsohon da ko kejinsa bai iya buɗewa ba."

Washegari Talotalo ya haye wani tsohon turmi da aka kife kusa da kaskon ruwa. Ya sanar cewa daga yau shi ne Hoti, kuma ba mai tsoma baki a kaskon nan sai shi ya sha tukuna.

Lokacin bazara ne, rana kamar wuta. Sau ɗaya uwargidan Malam take cika kaskon, da safe. Shi kuwa Talotalo ba ƙishirwa yake ji ba, jan rai kawai yake yi. Kaji da agwagi suka yi ta zagaye har azahar, duk wanda ya matso ya sha sara.

A rana ta uku autan Zabuwa ya kasa jurewa. Ya lallaɓa ya ɗora baki a gefen kasko, Talotalo ya diro ya make shi da fiffike. Ɗan tsakon ya faɗi cikin rana, bai ƙara tashi ba.

Zabuwa ta tsaya a kan gawar ɗanta.

"A kan kurɓi ɗaya?" ta ce. "Kai ka haƙa rijiyar, ko kai ka ɗebo ruwan? Wannan da ko rabin ƙafarka bai kai ba, me ya rage ka da shi?"

"Ya karya dokar Hoti."

"Dokar wa? Wa ya naɗa ka? Dariya aka yi maka a zaure, duk gidan nan mun ji, kai kaɗai ka mayar da ita rawani."

Ta yi ta zazzaga masa har muryarta ta dushe. Kaji suka sunkuyar da kai, ba wanda ya taya ta. Talotalo ya ce tunda ba ta san na gaba da ita ba, kada ya ƙara jin kukanta a gidan. Zabuwa ta tattara 'ya'yanta shida ta bi ta ƙarƙashin danga, ta koma gidan maƙwabta.

Abin da Talotalo bai taɓa lura da shi ba shi ne, duk ranar da shaho ko kare ya doso gidan, kukan Zabuwa ne yake sa kowa ya ɓuya.

Bayan kwana biyu, da tsakar rana, wani baƙon kare ya kutso ta wata kafa a danga. Kaji suka gan shi suka sulale ba tare da sun ce uffan ba. Talotalo yana kan turmi, ya ɗaga baki sama, don a ganinsa Hoti ba ya kallon ƙasa.

Kare ya cafko shi ta wutsiya, ya ja shi a ƙasa har bakin rumbu. Da uwargidan Malam ba ta fito da taɓarya ba, da sai dai gashinsa. Ya tsira da karyayyen fiffike, bayansa kuwa a fige tas kamar an shirya shi don miya.

Da yamma ya hango Zabuwa tana kiwo ta bayan danga. Ya ce da ita cikin kuka, "Kin ga karen nan, ko? Me ya hana ki yin magana?"

"Ban gan shi ba," ta ce. "Ina can inda ka kore ni, ina tsaron shidan da ka bar mini."

Darasin wannan labari shi ne, in za ka karɓi suna, ka saurari ma'anarsa har ƙarshe, kada ka tsinci abin da ya yi maka daɗi ka bar saura. Kuma wanda ya wulaƙanta na ƙasa da shi, ya sani cewa masu tsaron bayansa yake kora.