Wayar Abednego Ce Ta Yi Karatun

Akwai wani manomin rake a Gazara mai suna Abednego. Yana da shekara arba'in da biyar ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ba don neman aiki ba, sai don wata wasiƙa.

Mahaifinsa ne ya rubuto wa mahaifiyarsa, Serah, lokacin da yake leburanci a Kaduna, kuma shi yake karanta mata da kansa in ya zo gida. Da ya rasu, ta naɗe ta a ƙasan kwalla, ta ce bakin bare ba zai taɓa ta ba.

"Kai za ka karanta min," ta ce wa ɗan nata. "Kada dai ka daɗe, ba ƙuruciya nake ƙarawa ba."

Abednego bai taɓa fashin aji ba, a ba shi wannan. Sai dai ya gano wata dabara. Da Malama Wasila ta cika allo, sai ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ya mayar aljihu, ya ci gaba da hirar farashin taki.

"Baba Abednego, ina fensirinka?"

"Malama, ai komai na ciki. In na kai rake kasuwar Makarfi zan zauna in bi su ɗaya bayan ɗaya."

"To, wayar ce za ta yi jarrabawar?"

Aji ya yi dariya, har da shi.

An kai rake kasuwa sau biyu. Hotuna sun haura ɗari huɗu. In aka tambaye shi karatu, yakan ce malamar tana sauri, kuma benci ya yi wa babba ƙanƙanta.

Ran nan da hantsi aka kira shi daga gona, jikin tsohuwa ya tsananta. Ta sa aka ciro wasiƙar.

"Shekara biyu kana zuwa. Karanta."

Ya buɗe takardar. Ya gane A, ya gane wani da yake zaton M ne. Sai ya gyara murya ya fara ƙirƙira.

"Zuwa ga masoyiyata Serah, hasken idona..."

"Dakata." Ta juyo da kai da ƙyar. "Babanka bai taɓa ce min masoyiya ba. Da maganar akuya ya fara."

Abednego ya sauke takardar.

"Naɗe ta, ɗana. Ba komai."

Kwana uku bayan haka aka binne ta.

Da aka share makoki, ya koma aji da fensir, ya bar wayar a gida. Benci bai ƙara girma ba, malamar ma ba ta rage sauri ba. Cikin wata biyar kacal ya iya karatu.

Ya zauna a ƙofar ɗakin da babu kowa ya karanta wasiƙar, harafi bayan harafi. Akuyar tana nan a layin farko. Layin ƙarshe kuwa cewa ya yi: "In yaron nan ya yi wayo, ki sa shi makaranta, ya riƙa karanta miki in ba na nan."

Darasi: Malami allo kawai zai cika maka, kanka kuwa kai za ka cika shi. Zuwa aji ba shi ne karatu ba, kuma wanda kake yi dominsa ba lallai ya jira ka ba. Ku tura wa duk wanda kuka san wayarsa ta fi shi ilimi.