Ƙusoshin Taya da Wutar Daji

To, ku matso kusa, ku bar surutun nan. Wannan magana ba ta dariya ba ce. Idan na kai ƙarshenta ni zan ja bakina in yi shiru, sauran aiki naku ne.

A wani ƙauye da ake kira Tudun Kalgo an yi wata tsohuwa, Inna Yalwa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da 'ya'ya uku, duk sun girma sun yi iyali. Babban shi ne Tukur, direba ne, mai sanyin magana, hannunsa ba ya rabuwa da baƙin mai. Mai bi masa mace ce, Barira, wadda tun tana ƙarama take bin ubansu gona, har ta fi maza da yawa sanin daji. Autan shi ne Lurwanu, tela, dogo siriri, idan ya zuba da gudu ba mai kamo shi a garin.

Wata shekara bayan kaka, Inna Yalwa ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya goce. Ga kuma tsohon ciwon ƙirji da ke shaƙe mata numfashi ko hayaƙin murhu ta shaƙa. Mai ɗori ya zo ya duba, ya girgiza kai ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai asibitin birni. Tukur ya aro tsohuwar motar maƙwabcinsu, aka kwantar da kujerar baya aka shimfiɗa katifa, aka ɗauko tsohuwa aka kwantar. Su ukun suka shiga, suka kama hanya da hantsi.

Hanyar ta ratsa ta wani daji mai gamba. Ciyawa ta bushe ƙayau, ta fi mutum tsawo, ta rufe dama da hagu, sai sawun tayoyi biyu a cikin yashi. Inna Yalwa tana kwance tana kallon sama ta taga, kowane rami motar ta faɗa sai ta ciji gefen zanenta. Sun wuce wata matacciyar mota a gefen hanya, wadda aka daɗe da kwashe wa tayoyi da kujeru, ta ji Tukur yana cewa, "Ka ga 'yar'uwar wannan da muke ciki." Ba su yi nisa da ita ba, sai tsohuwa ta fara jin ƙauri. Ta ɗaga ido, ta ga shiruwa suna shawagi a bayansu, ƙasa da su kuma wani baƙin hayaƙi ya tokare sama. Ta san abin da ke tara shiruwa haka. Wani ya cinna wa daji wuta, iska kuma daga can take busowa.

Tukur ma ya gani a madubi. Ya taka mota. Ana cikin haka tayar baya ta dama ta faɗa wani rami, aka ji ƙas! ƙas! kamar ana karya ƙashi. Motar ta fara rawa, tana jan gindi gefe guda. Ya taka birki a hankali har ta tsaya. Ya fita ya duba, ya daɗe bai ɗago ba.

Ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da tayar, irin masu zaren nan da ake ɗaura wa noti. Uku sun karye tun daga tushe, sun tafi da notinsu. Guda ɗaya ta rage, ita ma ta lanƙwashe. Ko taku goma motar ta ƙara, taya za ta fita ta bar su a ƙasa.

Inna Yalwa ta dubi fuskokin 'ya'yanta, ta gane babu lafiya. Daga nesa kuma tana jin wutar, wani irin gurnani da fashe-fashe kamar ana soya gyaɗa a babban kasko. Gafiyoyi da zomaye suka fara tsallake hanya, ko kallon mutane ba sa yi. Ta san ko goya ta aka yi, ba mai tsere wa wutar gamba da kaya a bayansa.

Ta ce, "Tukur, ka ja ƙannenka ku tafi. Ni na ci zamanina. Kada in haifi uku in rasa uku rana ɗaya."

Tukur ya ce, "Inna, ki yi mana addu'a kawai." Ya juya ga ƙaninsa. "Lurwanu, motar can da muka wuce, ƙusoshinta irin waɗannan ne. Amma tana wajen wutar."

Lurwanu ya yi zumbur ya miƙe. Ya tuɓe rigarsa ta sama, ya ɗauki guduma, ya juya ya nufi inda kowace dabba take gudowa. Uwar tana kallon bayansa ta gilashi har hayaƙi ya haɗiye shi.

Abin da ya same shi a can, daga baya ta ji. Ya isa matacciyar motar wuta ta kusa kamo ciyawar da ke kewaye da ita. Ƙarfen ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Ƙusoshin sun yi tsatsa sun manne, ya durƙusa yana dukansu da guduma, toka mai wuta tana zubo masa a gadon baya. Ta farko ta fita, ta biyu ta fita. Ta uku ta ƙi. Ya ce a ransa idan ɗaya ta ƙi shiga fa? Ya tsaya ya ci gaba da duka har takalminsa na roba ya fara narkewa a ƙafarsa, sannan ta faɗo. Ya dunƙule su a hannu da zafinsu, ya juyo.

Ita kuwa Barira, tun tafiyar ƙaninta ta ɗebi yashi ta watsa sama, ta ga inda iska ta kai shi. Ta auna wutar da ido, ta auna aikin yayanta, ta ga wutar za ta riga shi. Ta karyo rassan sabara masu ɗanyen ganye, ta jiƙa mayafinta da ruwan shansu ta rufa wa uwar a fuska, ta ɗauko ashana daga jakarta.

Inna Yalwa ta janye mayafin ta leƙa. Ta ga 'yarta ta durƙusa a bayan motar tana ƙyasta ashana a gindin ciyawa, a ɓangaren da ɗanta ya bi.

Ta yi ƙara. "Barira! Ƙaninki yana can! Wuta za ki sa tsakanina da shi?"

Barira ta ce, "Inna, wuta ba ta cin inda wuta ta riga ta ci. Na bar masa hanya." Tana magana, hannunta bai tsaya ba.

Ta cinna nan, ta cinna can, dama da hagu, ta bar sawun tayoyi kaɗai a tsakiya. Duk harshen da ya juyo wajen motar sai ta bi shi da reshe ta kashe, wanda ya nufi baya ta bar shi ya ci. Ta yi ta kai da kawowa ita kaɗai, reshe ya ƙone ta karyo wani, zanenta ya kama ta murje da hannu, girarta ta babbake ba ta sani ba. Da iska ta kaɗa wani tartsatsi ya faɗa ciyawar da ke daf da tankin mai, ba reshe a hannunta, sai ta faɗa kansa ta danne da tafukanta. Kafin babbar wutar ta iso, akwai baƙin fili tsakaninta da motar.

Shi kuma Tukur yana ƙarƙashin duk wannan. Ya kafa jak a kan wani faffaɗan dutse, ya ɗaga motar, ya cire taya, ya cire kwanon birki. Guduma ta tafi da Lurwanu, sai ya ɗauki dutse da bakin sifana yana buga guntayen ƙusoshin da suka karye, yana fitar da su ta baya ɗaya bayan ɗaya. Ya zaga sauran tayoyin uku, ya kwance noti ɗaya daga kowace. Inna Yalwa tana jin kowane bugu a ƙugunta, tana kuma jin numfashinta yana ƙanƙancewa, kamar ana ɗaure mata ƙirji da igiya.

Sai babbar wutar ta iso bakin filin Barira. Rana ta koma ja, sannan ta ɓace. Zafi ya bugi gilashin motar har ya tsage. Tsohuwa ta zuba ido a kan 'yar siririyar hanyar nan da wuta ta yi wa bango biyu, bakinta yana motsi, babu abin da ke fitowa sai sunan autanta. Ta riga ta sallama shi, sai ga wani abu baƙi ya faso hayaƙin a guje, ya zube a gaban yayansa, ya buɗe hannu. Fatar tafinsa ta biyo ƙusoshin.

Wutar ba ta tsallake filin ba, amma ta rabu biyu, ta fara zagayowa ta gefe tana neman haɗewa a gabansu. Idan ta rufe hanyar gaba, ko wuta ba ta taɓa su ba, hayaƙin ya ishi tsohuwa.

Tukur ya zura ƙusa ta farko ta bayan ƙarfen, ya ɗaura noti yana murɗawa, yana jawo ta har kanta ya zauna daram. Ya kama ta biyu, zarenta ya cinye, noti ya ƙi hawa. Ya jefar da ita ya ɗauki ta uku. Yana cikin zura ta, dutsen da ke ƙarƙashin jak ya nutse a yashi, motar ta sauko ta danne masa yatsu biyu na hannun hagu. Inna Yalwa ta ji motar ta karkata, ta ji wani nishi da ba ta taɓa ji daga bakin ɗanta ba. Bai saki ƙusar ba. Ya sa kafaɗa ya tokare, ya miƙa hannun dama ya murɗa jak har ta sake ɗagawa, ya zaro hannunsa. Da hannu ɗaya da gwiwa ya ƙarasa. Ya mayar da kwanon birki, ya ɗora taya, ya ɗaure sababbi biyu da tsohuwar da ta lanƙwashe, idonsa ba ya gani saboda hayaƙi, da laluben yatsu yake gane noti. Ya sauke mota, ya ce, "Ku shiga."

Suka ja Lurwanu ciki. Tukur ya kama sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan yana zubar jini a cinyarsa. Bai yi gudu ba, don ya san abin da ke riƙe da tayar, bai kuma yi sanyi ba. Suka bi ta tsakanin harsuna biyu na wuta, fentin motar yana kumbura, suka fita. Da Inna Yalwa ta waiwaya, hanyar da suka biyo ta rufe.

A asibiti gado huɗu aka ba su maimakon ɗaya. Tsohuwa ta rayu, ƙugunta ya ɗoru, ko da yake sai da sanda. Tukur ya rasa yatsu biyu. Tafukan Barira sun warke a ƙanƙance, ba ta ƙara miƙe su sosai ba. Lurwanu kuwa tabon ƙafafunsa ya raba shi da gudu.

Da labari ya kai wa ƙanin Inna Yalwa, Kawu Namadi, ɗan kasuwa a birni, ya zo ya zauna a bakin gadonta ya yi kuka. Ya ce, "Yaya, bana na biya kujerar Makka biyu, tawa da taki. Na fasa tawa. Ki tafi da wanda ya ceci ranki a cikin 'ya'yan nan."

Tsohuwa ta dubi wannan, ta dubi wancan. Da Lurwanu bai shiga wuta ba, babu ƙusar da za a ɗaura. Da Barira ba ta tare wutar ba, da an kawo ƙusoshi an tarar da toka. Da Tukur ya saki aikin lokacin da mota ta danne shi, da ƙusoshi da fili duk sun tashi a banza. Sai ta ja mayafi ta lulluɓe fuskarta.

To, jama'a, ga ku ga su. Kujera ɗaya ce, ba ta rabuwa. Tsakanin wanda ya shiga wuta, da wadda ta tare wuta, da wanda ya ɗaura taya, wa ya fi cancanta ya raka uwarsa?