Buhunan Yashi a Hanyar Ruwa

Jama'a, ku yi mini uzuri, shekarar ta kwance mini. Ko 1987 ce ko ta bayanta, lokacin dai alkama ta fara fitar da kai.

Akwai wani manomi a wajen Kura, Alhaji Dattijo, mai gona a farkon hanyar ruwa. Duk ranar da aka saki ruwa, sai ya jera buhunan yashi ya tare, har gonarsa ta ƙoshi. Sada, mai gonar ƙarshe, ya roƙe shi sau uku, ya ce alkamarsa ta fara yaushi.

"Malam Sada, ni na ce ka yi gona a wutsiya?" in ji Alhaji yana dariya.

Wata safiya yana gyara buhunan, fartanya ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. Ya so ya yi kira, magana ta ƙi fita. Sai ga Sada, ya biyo hanyar ruwa don ya ga inda aka tare. Mutane suka taru, suka ce iska ce, a kawo turare. Sada ya goya shi har titi, ya tsayar da motar tumatir, sai asibiti. Kafin Sada ya dawo an rufe ruwa. Alkamarsa ta bushe.

Daga baya 'ya'yan Alhaji suka kai shi Jidda. Aka shigar da shi wata na'ura mai maganaɗisu, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likita ya nuna masa jijiyar da ta toshe a hagu, ya ce duk abin da ke gabanta bai samu jini ba.

Alhaji ya daɗe yana kallon hoton. Gonar Sada yake gani.

Ban ce ciwo sakayya ba ne, Allah ne masani. Amma rani na zagayowa aka ga Alhaji a bakin ruwa, yana jan ƙafa. Da harshensa mai nauyi ya ce, "A fara da wutsiya."

Ya gaya mini cewa a hoton, jijiyar da jini ke gudu baƙa take fitowa, wadda ta toshe ko ta rage gudu kuwa sai ta yi haske. Na zaci ruɗewa ya yi. Bayan shekaru na tambayi wani likita, ya ce haka ne.

Darasi: Abin da ya biyo ta hannunka yana da masu jira a gaba, kada ka tare. Ku isar da wannan ga 'yan'uwa.