Makiyayin Kan Dutse da Ruwan da Ya Gangaro

Akwai wani makiyayi da yake zaune da iyalinsa a kan wani ɗan dutse. Dutsen ba shi da tsawo sosai, amma duk ruwan da ya sauka a kansa hanya ɗaya yake bi, wato wani rafi mai yashi da ya ratsa ƙauyen da ke gindin dutsen. Mutanen ƙauyen kuwa ba sa shiri da makiyayin, don sun taɓa korar awakinsa daga rijiyarsu.

Wata rana a farkon damina, hadari ya sauke ruwa mai ƙarfi a kan dutsen kaɗai. Makiyayin ya leƙa ƙasa, sai ga rana tana haskawa a ƙauyen, mata suna tonon ruwa a busasshen rafin, yara suna wasa cikin yashi. Can ya ji wani irin ruri. Jan ruwa ne yake taruwa a tsakanin duwatsu, yana tumɓuke itatuwa. Nan take ya zabura zai sauka ya gargaɗe su.

Matarsa ta riƙe shi ta ce, “Maigida, kada ka sauka. Hanya da santsi, mutanen nan kuma ba za su saurare ka ba.”

Ya ce, “Ni na gani, su ba su gani ba.”

Ya yanke ta gajeriyar hanya, yana faɗuwa yana tashi. Ya iso bakin rafin jina-jina, yana kururuwa, “Ku fito! Ruwa yana zuwa!”

Wata mata ta ɗaga kai ta dubi sama ta ce, “Malam, wane ruwa? Bari in cika tuluna tukuna.”

Sauran matan suka ga jinin da ke ƙafafunsa, suka suri 'ya'yansu suka haye tudu. Ko juyowa ba su yi ba ruwan ya iso. Matar nan ta saki tulun, amma ina! Kashegari aka tsinci gawarta a ƙauye na gaba.

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Ruwan nan ranar shari'ar Ubangiji ce, ba ta jiran a ga hadari. Makiyayin shi ne duk wanda ya ji Maganar Allah: wajibi ne ya gargaɗi maƙwabcinsa, ko da wanda ya ɓata masa rai ne. Kai kuma da kake cewa za ka tuba gobe, in ka gama abin da ke hannunka, ka sani matar nan ta ji kiran sarai da kunnenta. Jinkiri kawai ta yi.