Zoben da Ya Ƙi Komawa Hannun Hagu

Akwai wani ɗan acaba a garinmu, can cikin jihar Piauí, sunansa Genivaldo. Ba shi da mugunta ko kaɗan, amma akwai son a sani.

Da ya tashi baiko da Neide, 'yar Dona Zuleide mai sayar da abinci a bakin kasuwa, suka tafi wajen maƙerin zinariya tare. Kun dai san al'adarmu: zoben baiko shi ne na aure. Ana sa shi a hannun dama, ranar ɗaurin aure a mayar da shi hagu.

Neide ta nuna wasu sirara guda biyu. Genivaldo ya kwashe da dariya.

"Wannan ai zaren ɗinki ne! Ina so in na ɗaga hannu a tasha, na tsallaken titi ya rufe ido."

"Valdo, ɗakinmu ko rufi babu," ta ce a hankali.

"Rufi yana zuwa. Zobe sau ɗaya ake saye."

Ita ta nace a kan siririn. Shi kuwa ya zaɓi wani mai faɗi da kauri, kamar an yanko bakin bututu. Kuɗin rufi kaf suka tafi a kansa. Ya kuma sa aka matse shi sosai, wai kada ya faɗi a kan babur.

Tunda ɗaki babu rufi, biki ya yi ta ɗaguwa har shekara ta zagayo. Duk tsawon lokacin nan kullum yana teburin Dona Zuleide: dambun masara da man shanu, wake da busasshen nama, a ɗora da mazarƙwaila. Yana ci yana juya hannu don zobe ya yi walƙiya. Kumatu suka fito, wuya ya ɓace.

Neide ta lura yatsan ya fara cika. Ta ce ya je a ɗan buɗa zoben. Ya ce ba mai taɓa masa zinariya.

Da ƙyar dai aka rufa ɗaki, aka sa rana. Ranar biki ina zaune a bencin baya na coci. Fada Osvaldo, limamin cocin, sau ɗaya yake zuwa mana a wata, kuma ran nan wani ƙauye na jiransa. Da aka zo sauya hannu, na Neide ya zare sumul, ya koma hagu. Ta kama na Genivaldo ta ja. Shiru. Ta murɗa. Ko motsi.

Aka kawo sabulu. Aka kawo man girki. Wata tsohuwa ta naɗa masa zare. Yatsa sai ƙara kumbura yake.

"A kawo babur a ɗaura a ja!" in ji wani abokin tasharsa.

"Dona Zuleide, ke kika jawo! Ango aka ce ki ciyar, ba bijimi ba!" in ji wani kuma.

"Ni na ce ya riƙa yin ƙari?" ta mayar. Coci ya kaure da dariya, har Fada ya rufe baki da littafinsa.

Sannan ya ce, "'Ya'yana, aure yana ɗauruwa ko zobe bai motsa ba. Ku yanke shawara, hanya na jirana. In ba yau ba, sai wata mai zuwa."

Wani bakanike a cikin 'yan biki ya ce yana da filayar yanka waya a motarsa. Genivaldo ya ɓoye hannu a bayansa.

"A yanka? Kun san abin da na zuba a kan zoben nan? Fada, a bar shi a dama kawai."

Neide ba mai magana a cikin taro ba ce. Kanta a sunkuye, amma duk mun ji ta.

"Valdo, shekara guda na jira saboda zoben nan. Yau kuma in bi ka gida, hannunka na gaya wa gari kai saurayi ne? In ya fi ƙarfin a yanka shi, ka zauna da shi. Ni zan koma wajen Mama."

Dariya ta ɗauke. Fada ya fara rufe littafi. Genivaldo ya dubi zoben, ya dubi Neide, gumi na bin kumatunsa. Can ya miƙa hannu, ya runtse ido.

"Yanka, ɗan'uwa. Amma don Allah ka bar mini yatsan."

Bakanike ya danna da hannu biyu, sai ƙas! Ya buɗa zoben, Neide ta zura shi a hagu, aka matse shi da filaya a gaban kowa. Fada ya sa albarka yana share hawayen dariya.

A bakin coci abokansa suka taso shi da tsiya, wai ina walƙiya. Ya ɗaga hannun hagu, zobe a tsage, ɗayan hannun riƙe da na amarya.

"Ku yi ta dariya, gwauraye. Ni dai na tafi da mata."

Darasi: Ka sayi zobe daidai aljihunka, ka bar masa wurin numfashi. Abin da aka saya don idon mutane, a gaban mutanen yake kunyata mai shi, kuma zinariya ba ta riƙe aure, sauraren juna ke riƙe shi. Ku tura wa duk mai shirin baiko kafin ya taka shagon maƙeri.