Sojan da Ya Tsaya Ɗaure Takalmi

Akwai wani manomi da ya ajiye fartanya ya shiga soja. A dajin da aka kai su, maƙiya kan binne nakiya a hanya, don haka layi ɗaya ake bi, kowa ya taka sawun na gabansa. Ran nan shi ne a gaba. Igiyar takalminsa ta kwance, ya durƙusa yana ɗaurewa, sai abokinsa Istifanus ya zagaye shi yana masa ba'a, wai har yanzu bai saba da takalmi ba. Taku bakwai Istifanus ya yi, nakiya ta tashi. Abin da aka kai gida bai cika akwatin gawa ba.

Mutumin ya koma ƙauye, ya rantse shi da takalmi har abada. Ya bar wa ciyawa gonarsa, ya koma noman gonar Inna Rahila, uwar mamacin, wadda ba ta roƙe shi ba. Ranar cin jibin Ubangiji a coci, a waje yake tsayawa. Rumbunsa ya ƙare, 'ya'yansa suna ramewa, bai lura ba, don yana da babban aiki: kowace yamma ya zauna a ƙofar tsohuwar, ƙafa duk ƙaya, yana cewa shi ya kashe mata ɗa. Ita kuwa ta yi ta rarrashi. Damina uku.

Wata rana tana surfe, ya soma karatun nasa. Ta yar da taɓarya, ta shiga ɗaki, ta fito da takalman da Istifanus ke zuwa sujada da su, ta wurga masa a ƙirji.

"Kai ka binne nakiyar?"

Ya ce a'a Inna, amma da bai tsaya ba...

"Rufe mini baki. Ni na haifa, ni na binne, amma kai ake yi wa ta'aziyya. Shekara uku ban samu na yi kukan ɗana ba, ina share maka hanci. Ko sau ɗaya ba ka faɗa mini abin da ke ba shi dariya a can ba, kullum igiyarka. Dawar da ka noma mini, ita na ɗebar wa matarka jiya, tana rufe fuska. Sa su, ka tashi mini daga ƙofa."

Takalman sun matse shi. Haka ya sa su, ya nufi gida yana ɗingishi.

Ma'anar wannan misali ita ce: tuba daban, ɗora wa kai sarautar mutuwa daban. Wanda ya ce rai da ajali a igiyar takalminsa suke rataye, to, bai ɗauki kansa da ƙanƙanta ba. Laifin da ka yi, kai shi gaban Ubangiji; an riga an biya a kan gicciye, ba a neman gudummawarka. Wanda ba ka yi ba kuma, ajiye shi, domin ba kai kaɗai ke ɗaukar nauyinsa ba. Duba gidanka ka ga wa ke kwana da yunwa saboda nadamarka.