Madubin Hangen da Kyaftin Ya Ɓoye

Akwai wani mai gyaran waya da abokansa ke kira Kyaftin, domin shi ya kafa ƙungiyarsu ta wasan harbe-harbe a waya. Su huɗu ne: shi, da Tela, da Direba, da ƙanwarsa ma'aikaciyar jinya. Duk Asabar da la'asar sukan haɗu a bayan shagon Tela, tsakanin keken ɗinki da tarin yadi, kowa da wayarsa a jikin caja.

Doka biyu gare su. Duk abin da mutum ya tsinta a fagen wasa zai faɗa da bakinsa, a bai wa wanda ya fi buƙata. Doguwar bindiga mai harbin nesa kuwa, wadda kowa ke kwaɗayi, ta wanda ya fi iya saiti ce a wasan da ya gabata. Kyaftin da kansa ya kafa dokokin, a lokacin da babu mai kama ƙafarsa.

Shi ya koya wa ƙanwarsa wasan, sai ga shi ta zarce shi. Mako bayan mako bindigar tana hannunta, har Direba ya laƙaba mata suna Shaho.

"Kyaftin, ka koma wa gyaran sikirin ɗin waya kawai," in ji Tela yana dariya. "Harbi ya samu mai shi."

Kyaftin ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Abin yana cin sa a rai, har ya kai ga ko sannu da aiki ba ya iya ce mata idan ta dawo daga asibiti.

Sai suka shiga wata gasa. Ƙungiyoyi biyu na farko ne kaɗai za su haye zagayen ƙarshe, wanda jama'a za su kalla kai tsaye. Kyaftin ya yi lissafinsa: idan Shaho ta gaza a wannan wasa, bindigar za ta dawo hannunsa a ranar da idanu suka fi yawa.

Da aka fara, Shaho ta samu doguwar bindiga, amma babu madubin hange da ake ɗaura mata don saiti daga nesa. Idan babu madubin nan, bindigar da sanda duk ɗaya ne. Kyaftin ya shiga wani gida shi kaɗai, sai ga madubin a ƙasa. Bai dace da ƙaramar bindigarsa ba, amma ya ɗauka ya jefa a jaka.

"Yaya, ka ga madubi a gidan nan?" in ji Shaho.

"Babu komai sai bandeji."

Suka ci gaba. Wasu abokan karawa suka hau kan tudu suna yi musu ruwan harsashi daga nesa. Shaho tana hango su kamar tururuwa, ba ta da halin ramawa.

"Shaho, ki yi wani abu mana!" Direba ya yi ihu. "Sun mayar da ni rariya!"

Direba ya faɗi. Tela ya tafi ceto, shi ma ya faɗi. Kyaftin ya ruga domin ya nuna shi ne namiji, harsashi ɗaya ya kwantar da shi.

A wannan wasa, wanda aka kashe yakan bar akwati ɗauke da duk abin da ke jakarsa, wayarsa kuma ta koma nuna masa abin da abokinsa mai rai yake gani. Saboda haka da idonsa Kyaftin ya kalli ƙanwarsa tana rarrafowa zuwa akwatinsa neman bandeji. Tela da Direba ma suna kallo a tasu wayar. Ta buɗe. Ga madubin nan a sahun farko.

Tela da Direba suka juyo suka dubi Kyaftin.

Shaho ta kwashe kayan akwatin. Ta ɗaura madubin, ta sauke mutum biyu daga tudun. Amma ita kaɗai ta rage, aka yi mata taron dangi. Suka ƙare a na uku.

Ta ajiye wayar, ta dube shi.

"Yaya, da ka ce min kana son bindigar, wallahi da na miƙa maka, kai ka koya min riƙe ta. Amma ka gwammace mu faɗi mu huɗu da in yi fice ni kaɗai."

"Mantawa na yi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Mantuwa ba ta cewa babu komai sai bandeji," in ji Direba.

Ba su kore shi ba. Tela ya ce tunda ajiya ya iya, daga ranar sunansa Sito, jagorancin ƙungiya kuma ya koma hannun Shaho. Har yau yana zuwa duk Asabar, yana faɗin abin da ya tsinta da babbar murya, amma sai wani ya bi bayansa ya sake duba duk gidan da ya shiga a wasan.

Darasi: Mai hassada ba ya hana mutum ɗaya kaɗai, duk tawagar yake kayarwa, har da kansa. Dokar da ka kafa ranar da take yi maka daɗi, ka bi ta ranar da ta ɗaga ƙanwarka sama da kai. Ku tura wa duk wanda ke ganin nasarar na kusa da shi asara ce a gare shi.